Ka, kha, ga, nga: yadda na koma makarantar allo a Indiya

Rigar sanyi ce ta jawo min. Shekarata ta farko ta karatu a Delhi, da watan Disamba ya kama, sai na gane ashe hunturun Kano wasan yara ne. Hazo ya rufe gari, rana ba ta leƙowa sai wajen azahar, simintin ɗakin da muke haya kamar ƙanƙara. Wani ɗan ajinmu ya ga yadda nake karkarwa a aji ya ce in je Majnu-ka-Tilla in nemi suwaita wajen 'yan Tibet, su ne suka san kan sanyi.

Unguwa ce a arewacin Delhi, a gefen kogin Yamuna, inda 'yan gudun hijirar Tibet suka yada zango tun farkon shekarun 1960, bayan jagoransu na addini, Dalai Lama, ya tsere daga Lhasa, babban birnin Tibet, a 1959. Lungunanta matsattsu ne kamar na cikin kasuwar Kurmi, mutum biyu ba sa giftawa sai an karkata kafaɗa. A can na tsaya gaban wata tsohuwa mai tulin suwaita. Muka yi ciniki da 'yar Hindin da ni da ita muke tsinta, kuɗina bai kai ba, saura rufi 200, kuɗin Indiya. Ta ce in tafi da rigar, in kawo daga baya. Ta jawo wani littafi ta rubuta.

Abin da ya tsayar da ni shi ne rubutun. Na saman ƙofar shagonta haruffa ne masu kai a shafe, kowanne a rataye kamar an yi shanya a igiya. Na cikin littafinta kuwa wasu siraran ƙugiyoyi ne masu gudu, ba kai ba igiya. Na nuna wannan, na nuna wancan, na tambaye ta ko harshe biyu ne. Ta kwashe da dariya ta ce ɗaya ne, duk Tibetanci ne. Kamar da wasa, ƙaramar magana ta zama babba: tana da wani ɗan'uwa, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, zaune kawai yake ba aikin fari ba na baƙi. Bayan mako biyu ina zaune a ɗakinsa, an ajiye min shayi mai gishiri da man shanu. Kurɓar farko na ɗauka an yi kuskure an zubo min romo.

Gen-la nake ce masa, wato Malam. Ita kuwa tsohuwar, Ama-la, wato Inna. Wannan "la" ɗin na girmamawa ne, kuma idan ka bar shi a sunan babba ka yi rashin kunya.

Ranar farko bai yi min bayanin komai ba. Ya rubuta baƙaƙe 30, huɗu-huɗu a layi, na ƙarshe biyu, ya ce in bi shi: ཀ ཁ ག ང, ka, kha, ga, nga. Ya faɗa da wani irin kari, in maimaita, ya koma. Kafin mu kai layi na uku na ji jikina ya fara rausaya gaba da baya da kansa. Wallahi sai ga ni a zauren malaminmu ina ɗan shekara shida, ana biya mana babbaƙu. Da muka zo wasula abin ya ƙara kama. Kowane baƙi nasu yana ɗauke da "a" a cikinsa tun asali, sai alamomi huɗu da ke sauya shi: uku a sama, ɗaya a ƙasa, kowacce da sunanta. Gigu ita ce "i", shabkyu "u", drengbu "e", naro "o". Yaro zai rera "ka gigu ki, ka shabkyu ku". Wanda ya taɓa cewa "ba da wasali ƙasa bi, ba da rufu'a bu" ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Da na ba shi labarin allo da tawadar zuge da alƙalamin gamba, sai ya miƙe ya shiga ciki ya fito da wani katako baƙi, ya sha hannu har yana sheƙi. Jangshing suke kiransa. A kansa yaran Tibet suke koyon rubutu a da: a shafa wa zare alli a ɗame shi a sake, ya bar layi, a rubuta da alƙalamin gora, malam ya duba, a wanke, a shanya, a sake. Ba a ba yaro takarda sai hannunsa ya faɗa. Mun daɗe muna kallon katakon nan ni da shi, kowa da abin da yake tunawa.

Daɗin ya ƙare da muka zo furuci. Bambancin ka da kha iska ce: na biyun ana furzar da numfashi, na farkon ba a yi. Ni kuwa "k" ɗinmu ta Hausa da 'yar iskarta take fitowa, don haka duk abin da na faɗa kha yake ji. Na yi dabara na ce bari in sa "ƙ", tunda ita ba ta da iska. Ya yamutsa fuska ya ce wannan kuma mene ne, ƙashi ya maƙale min? Ƙarshe takarda ya riƙe a gaban bakina, in ta motsa na yi kuskure. Pa da pha kuwa duk "fa" suka zame min har tsawon wata guda. Sai nga a farkon kalma, wadda ba mu da ita, kuma ba ta kaucuwa, don ita ce "ni". Ni na samo wa kaina mafita a cikin motar haya: in ka ce "can", sautin da ke ƙarshenta a hanci shi ne ake nema. Sai in ce "can" in riƙe, in saki da "a". Mutanen cikin motar suna ta kallona.

Inda Bahaushe yake da riba shi ne karin sauti. A harshen Lhasa, ང da murya ƙasa "ni" ne, ལྔ da murya sama "biyar" ne, alhali duka biyun nga kunne yake ji. Da na je hutun bazara Dharamsala, garin da ke kan duwatsun Himachal Pradesh, tafiyar kwana a bas daga Delhi, na zauna aji ɗaya da Turawa, na ga yadda wannan abu ke wahalar da su. Mu da muka tashi muna rarrabe kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki, ba tare da wata alama a rubutu ba, kunnenmu a buɗe yake.

To amma babban ƙorafina, wanda na yi wata uku ina yi, shi ne haruffan da ake rubutawa ba a faɗarsu. Gaisuwar nan tasu da kowa ya sani, tashi delek, in ka bi ta baƙi-baƙi ga abin da aka rubuta: bkra shis bde legs. "Takwas" ana cewa gye, amma a rubuce brgyad ne. Doki ta ne a baki, rta a takarda. Lama ma da muke ji, wato malamin addininsu, bla ma ne. Gaɓa ɗaya tana da uwar baƙi a tsakiya, sannan a iya sa mata wani a gaba, wani a ka, wani a ƙarƙashi, wasu biyu a baya. Misalin da malamai ke tsorata ɗalibi da shi shi ne བསྒྲུབས, baƙaƙe shida da wasali ɗaya, b-s-g-r-u-b-s, kuma abin da za ka furta drub ne kawai. Ga shi ba a barin fili tsakanin kalma da kalma. Ɗigo ne ake sawa bayan kowace gaɓa, tsek, sai tsayayyen layi idan zance ya kai gaɓa, she. Kai za ka san inda kalma ta fara da inda ta ƙare.

Yadda suke koya wa yara wannan shi ne su rera ginin gaɓar hawa-hawa, kamar yadda muke haɗa farfaru. Kare, khyi: "kha ya-ta khya, gigu khyi". Doki kuwa: "ra ta-ta ta". Ranar da na fara rera wannan sai da na fashe da dariya. Na ce, Gen-la, tunda ƙarshenta ta za a ce, ina amfanin ra ɗin nan da aka ɗora mata a ka? Ku share ta mana ku huta. Bai amsa ba. Ya ƙara min shayi, ya ce in zauna, yau ba karatu, labari zai ba ni.

A ƙarni na 7 Tibet tana da sarki mai suna Songtsen Gampo, wanda ya haɗe ƙasar ta zama daula, har ya auri gimbiya Wencheng daga gidan sarautar Tang na ƙasar Sin a 641. Daula ce babba amma ba rubutu. Wai sai ya tura wani matashi cikin fadawansa, Thonmi, zuwa Indiya tare da wasu samari don su koyo. Wai zafin Indiya ya kashe abokan tafiyar, shi ya tsira. Wannan gaɓar ban yi gardama da ita ba, don na ga watan Mayu a Delhi, ni ɗan Kano ma sai da na nemi agaji, balle wanda ya sauko daga ƙasar ƙanƙara. Ya yi karatun Sanskrit, tsohon harshen ilimi na Indiya, wajen malaman ƙasar, su ne suka laƙaba masa Sambhota, wato Batibeten kirki. Da ya koma gida ya zauna ya auna haruffan Indiya da bakin mutanensa, ya zubar da waɗanda ba a bukata, ya ƙirƙiro shida da babu, ya tsayar da 30. Ana jingina masa littattafan nahawu takwas, biyu suka saura, kuma har yau yara na haddace su a waƙe. Sarkin da kansa wai ya shiga halwa shekara huɗu yana koyon rubutun. Akwai wani wurin ibada a wajen Lhasa, Pabongka, da ake cewa a nan aka yi aikin.

Gen-la ya ba ni labarin nan ba "wai" ko ɗaya a bakinsa. Ni ne na zuba su, bayan na yi 'yan karance-karance.

Ga abin da ke hannu. A 1900 wani mai tsaron kogunan ibada a Dunhuang, can bakin hamada a arewa maso yammacin Sin, Wang Yuanlu, ya gano wani ɗan ɗaki da aka liƙe tun farkon ƙarni na 11, maƙare da takardu. Masu bincike daga Turai suka zo: Aurel Stein ya kwashi nasa rabon a 1907 zuwa Landan, Paul Pelliot ya bi bayansa a 1908 ya kai Paris. 'Yan Tibet sun mulki garin daga wajen 786 zuwa 848, don haka takardunsu na da yawa a ciki, har da kundin tarihin fada mai lissafa abin da ya faru shekara-shekara. Kundin ya ce a 655 waziri Gar Tongtsen ya rubuta dokoki. Ke nan 'yan shekaru bayan rasuwar Songtsen Gampo rubutun ya riga ya kama aiki, wanda ya dace da zamanin da labarin ya faɗa. Sunan Thonmi kuwa babu shi a kundin. Cikakken labarinsa sai a littattafan da aka rubuta ɗaruruwan shekaru daga baya. Rubutu mafi tsufa da ke tsaye a dutse shi ne na ginshiƙin Zhol, a gindin fadar Potala da ke Lhasa, na wajen 764, kuma ba addu'a ce a jikinsa ba. Yabon wani janar ne, da labarin yadda sojojin Tibet suka ci Chang'an, babban birnin Sin, a 763. Wannan ya ba ni mamaki, don na ɗauka tun farko don addini aka yi rubutun. Ashe haraji da doka da yaƙi suna cikin waɗanda suka fara cin moriyarsa.

Cewa daga Indiya aka aro shi, wannan ba gardama. Jerin ka, kha, ga, nga ma kaɗai ya isa shaida, don haka Indiyawa ke jera nasu, daga maƙogwaro zuwa leɓe. Siffar haruffan ta fi kama da rubutun ƙarshen zamanin daular Gupta ta Indiya da ake gani a duwatsun arewacin Indiya da Nepal na wancan ƙarni. Rubutu biyun da na gani a shagon Ama-la kuwa, mai kai ana ce masa uchen, marar kai ume. Al'ada ta ce kowanne daga wani rubutun Indiya daban aka samo shi, amma wani malaminsu mai kaifin basira da taurin kai, Gendun Chophel, wanda ya rasu a 1951, ya ce ba haka ba ne: ume uchen ne da aka rubuta da sauri har kan ya faɗi. Ni dai hannuna ya gaskata shi, don duk ranar da na yi gaggawa haruffana da kansu suke sakin igiyar.

Ra'ayina a kan Thonmi shi ne, ko mutum ɗaya ne ko taron mutane ne aka haɗa musu suna ɗaya, wanda ya yi aikin nan ya san abin da yake yi. Dubi waɗannan: ཅ ཆ ཇ, ca, cha, ja. Sannan dubi ཙ ཚ ཛ, tsa, tsha, dza. Haruffan nan ɗaya ne, 'yar ƙugiya kawai aka maƙala wa na biyun a sama. Da na lura da haka sai da tsigar jikina ta tashi. Ai abin da malamanmu na ajami suka yi ke nan da suka rasa "tsa" a Larabci, suka ɗauki ɗa mai hannu suka ɗiga masa uku. Shi ne kuma abin da aka yi wa boko a shekarun 1930 da aka lanƙwasa ɓ da ɗ da ƙ. Na rubuta wa Gen-la "tsuntsu" a boko da ajami, shi kuma ya rubuta min ita da nasu haruffan, ya karanta ta daidai tun karon farko, abin da Indiyawan ajinmu suka kasa.

Amsar tambayata ta ra ɗin doki ta zo ne ta hanyar da ban zata ba. A farkon ƙarni na 9, da aikin fassara littattafan addinin Buddha daga Sanskrit ya kankama, fada ta sa aka daidaita ƙa'idar rubutu, aka kuma tsara ƙamus mai kalmomi sama da 9,000 don kada kowane mai fassara ya yi gaban kansa. Tun daga nan rubutun kusan bai motsa ba, baki ne ya yi ta tafiya. A zamanin ana furta haruffan nan duka. Mutanen Lhasa ne suka yi ta haɗiye su, wasu suka narke suka zama karin sauti: la ɗin da ke kan "biyar" ba a faɗarta, amma ita ce ta ɗaga muryar. Shi ya sa ɗan Lhasa da 'yan yankunan Amdo da Kham na Tibet za su sha wuya kafin su fahimci juna a baki, amma takarda ɗaya suke karantawa.

Ana cikin haka Hajiyarmu ta kira. Ƙanena ya kai mata rahoto cewa ina zuwa gidan masu bautar gumaka ina ɗaukar karatu. "Kai ɗan nan," ta ce, "karatun da aka tura ka daban, wanda kake yi daban? Ka dai riƙe sallarka." Na rantse mata ba a sa ni rusuna wa komai ba, kuma ko a unguwar abincin da nake ci ɗan curin fulawa ne mai kayan lambu a ciki, wanda suke kira momo. Ba ta gamsu ba. Da na ba Gen-la labari, sai ya ce in gaya mata a Lhasa akwai masallatai, akwai Musulmin da ake kira Kache, jikokin fataken Kashmir, waɗanda Dalai Lama na biyar ya ba su fili tun ƙarni na 17. Sannan ya ce abin da ya fi wannan: a Baltistan, arewacin Pakistan, wajen garin Skardu, akwai al'umma Musulmi gaba ɗayanta, harshensu reshen Tibetanci ne, da haruffan Larabci suke rubuta shi, kuma su ne har yau suke furta yawancin baƙaƙen da Lhasa ta haɗiye. Ya nemo min wata hira da wani dattijon Balti a waya. Ban fahimci zancen ba, amma da ya zo ƙirga na ji "takwas" ta fito da tarkacen baƙaƙenta a gaba da kuma wanda ke ƙarshe, kusan yadda take a takarda. Na mayar da wurin baya ya fi sau goma. Mutum mai gemu da hula, yana cewa insha Allah a tsakiyar magana, shi ke riƙe da furucin da 'yan zuhudun Lhasa suke rubutawa ba sa faɗa. Hajiya dai da na gaya mata cewa ta yi, "To, Allah ya kyauta."

Nahawun kuwa har yanzu muna kokawa. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, wannan da sauƙi, Hindi ma haka take. Kalmomin girmamawa su ne aiki: kaina go ne, kan Gen-la u ne, hannuna lakpa, nasa chak, ruwan da zan sha chu, nasa chab. Kusan sai ka koyi ƙamus biyu. Abin da ya fi burge ni shi ne harshen ba ya barinka ka faɗi abu ba ka nuna yadda ka san shi ba. "Akwai shayi" kala uku ce. Cha yö, ina da shi, nawa ne, na sani. Cha duk, na leƙa na gani da idona. Cha yore, sananne ne akwai. Mu muna da "wai" da muke jefawa in muna so mu zame, muna kuma cewa gani ya kori ji, amma su a jikin aikatau abin yake, ba ka da hanyar tsallake shi. Na taɓa cewa Lhasa na da sanyi na ƙare da duk. Gen-la ya ɗago kai ya ce, yaushe ka je? Shi kansa rabonsa da ita tun yana ɗan yaro a goye.

Bashin Ama-la kuwa, kunya ta ishe ni in faɗa, sai da sanyi ya zagayo na tuna da shi. Na je da rufi 200 ɗina ina ta ba da haƙuri. Ta buɗe littafin tana neman shafin, na roƙe ta ta bar ni in nemo da kaina. Ume ɗin hannun tsohuwa ba irin na littafin koyo ba ne, na yi ta bin layi da yatsa ina rerawa a hankali kamar mai bitar allo, ita tana ta cinikinta. Can ƙasan wani shafi na ga gaɓoɓi huɗu da ba su yi kama da sunan kowa ba. A. Phi. Ri. Ka. Sai bu a gefe, yaro. Ba su da "f" a cikin talatin ɗin nan, da pha ta rubuta ni, harafin da na yi wata guda ina kiransa fa. Na nuna mata. Ta karɓi kuɗin, ta ja layi a kai, ta ce bana akwai masu kauri, in duba.